Matafiya Biyu, Ƙasa Ɗaya: Wa Ya Saurari Mutanen Ƙauye?

Littafin tafiye-tafiye alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: na je, na gani, ga abin da aka faɗa mini. Da wannan ma'auni nake so in auna littattafai biyu na Amurka, waɗanda marubutansu suka mayar da mota ɗakin kwana, suka ratsa ƙananan garuruwa don su ji abin da talakan ƙasarsu ke ciki.

Na farko shi ne Travels with Charley na John Steinbeck, wanda ya fito a 1962, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel. A 1960, yana da shekara 58, ya sa aka ɗora masa ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, ya raɗa mata suna Rocinante, ya ɗauki karensa Charley, ya yi tafiyar kusan kilomita 16,000. Na biyu shi ne Blue Highways na William Least Heat-Moon, wanda ya fito a 1982. Shi kuwa a 1978 ya rasa aikinsa na koyarwa, aurensa ya yi tsami, sai ya shiga ƴar motarsa ya yi wata uku yana tafiyar kusan kilomita 21,000. Ƙananan hanyoyi kawai ya bi, waɗanda tsofaffin taswirori ke zanawa da shuɗi, daga nan ne ma sunan littafin ya samo asali.

In dai daɗin lafazi ne, Steinbeck ya yi zarra. Babin da ya rubuta kan New Orleans, inda wasu mata farar fata ke taruwa kullum a ƙofar makaranta suna zagin wata ƴar ƙaramar yarinya baƙar fata, yana sa tsikar jiki ta tashi. Amma mutanen da ya ce ya haɗu da su a wuraren da ya yada zango, yawanci ba su da suna, kuma duk maganarsu ta yi kama da tasa. Manomi ya buɗe baki, sai ka ji falsafar marubucin. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A 2010 wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawunsa, ya kwatanta littafin da wasiƙunsa da rubutunsa na farko. Ya gano cewa dare da dama a otal ya kwana, matarsa Elaine na tare da shi a babban ɓangare na tafiyar, wasu hirarrakin kuma da wuya a ce sun faru.

Masu kare shi suna cewa ai marubucin ƙagaggun labarai ne, kuma ya kama gaskiyar zamaninsa ko da ya ƙara gishiri. Ban ƙi ba, abin da ya hango game da shara da ta cika bakin birane, da yadda rediyo da talabijin ke shafe karin harshen yankuna, ya tabbata. To amma ba a matsayin ƙagaggen labari aka sayar da littafin ba. Wanda ya je don ya saurari talaka, sannan ya ari bakinsa ya ci masa albasa, ya zalunce shi sau biyu: bai ji shi ba, kuma ya sa duniya ta zaci an ji shi.

Least Heat-Moon bai kai Steinbeck iya taƙaitawa ba. Littafinsa ya yi tsawo, wani lokaci yakan nutse cikin tunanin kansa har mai karatu ya ƙosa. Sai dai ya san baƙo makahon gari ne, don haka ya riƙe tambaya. Ya je wani ƙauye a jihar Tennessee mai suna Nameless, wato Marar Suna, ya zauna da masu kantin garin har suka ba shi labarin asalin sunan. A Selma ta jihar Alabama ya tambayi baƙi da farare ko wani abu ya sauya tun tattakin Martin Luther King na 1965, ya bar amsoshinsu suna karo da juna. Ya sa sunayen mutane da hotunansu, yadda in ya yi musu ƙage za su iya ƙaryata shi. Hatta gidan abinci, da yawan kalandun da ke rataye a bango yake gane mai kyau. Irin wannan lura sai wanda ya zauna ya ci.

Wannan muhawara ta shafe mu. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam Turai ya dosa. Garuruwan da mota ke wucewa a guje tsakanin Maraɗi da Damagaram, irin su Gazawa da Tasawa da Takeita, su ma suna da bakin magana. Duk wanda zai rubuta su, ya koyi jimla wurin Steinbeck in yana so, amma ladabin zama a kan tabarmar mutane, da barin su su ƙarasa zancensu, wannan a wurin na biyun zai same shi.