BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN SABABBIN FINAFINAN DA AKE KALLO A GIDA A DUTSE DA KEWAYENTA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fim da rabe-rabensa. A wannan babi kuwa, za a dubi sababbin finafinan Hausa da ke shiga gidajen jama'a a garin Dutse da garuruwan da ke kewaye da shi, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, domin a auna su ta fuskar zubi da jigo, da kuma irin kamannin da suke ba mutanen da ke kallon su.

4.1 Yadda Fim ya Shiga Gida

Fim ɗin Hausa na bidiyo da jihar Jigawa kusan tsara ɗaya ne. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda manazarta suka ɗauka a matsayin fim na farko da aka yi domin sayarwa a kaset. Shekara guda bayan haka, ranar 27 ga Agusta 1991, aka cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikatan da aka dawo da su sabuwar jiha, da yawansu iyalansu na Kano, kuma zirga-zirgar da suke yi ta hanyar Wudil da Kwanar Huguma na cikin abin da ya sauƙaƙa wa kaset isowa. Can Kano, musamman Bata da kasuwar Ƙofar Wambai, nan ne dillalai suke, daga nan ake sarowa a kawo wa masu shagon haya.

Muhimmancin kaset shi ne ya kai fim inda sinima ba ta taɓa zuwa ba, wato tsakar gida. A al'adar Bahaushe ta wancan lokaci, zuwa sinima abin kunya ne ga mace, ga namiji ma ba abin alfahari ba ne. Da bidiyo ya zo, sai matan aure da 'yan mata suka zama su ne manyan masu kallo, kuma wannan ya yi tasiri a kan jigon finafinan tun daga Sangaya (1999) da Wasila (2000): soyayya, kishi, auren dole, da waƙa da rawa irin ta Indiya. Ƙorafin da malamai da iyaye suka yi ta yi a kan rawar ne ya kai ga gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001.

Daga kaset aka koma faifan sidi, daga sidi aka koma wayar hannu. Satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa kuma suka ƙwace wani kaso na masu kallo. Yau idan aka ce sabon fim ya fito, mafi yawa ana nufin sabon kashi na fim mai dogon zango, ko dai a tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, ko a YouTube. Wanda ba shi da kuɗin data, sai ya kai wayarsa shagon mai turi a zuba masa.

4.2 Zubi da Tsari

Wannan sauyi na kasuwa shi ne mabuɗin fahimtar zubin sababbin finafinai. A zamanin kaset, mai fim yana samun kuɗinsa ne daga yawan kaset ɗin da aka saya, saboda haka dabararsa ita ce ya raba labari gida biyu ko uku, na ɗaya da na biyu, ya yanke a daidai inda hankalin mai kallo ya tashi. A YouTube kuwa, kuɗi na zuwa ne daga talla da yawan masu kallo a kowane mako. Ke nan riba tana ga wanda labarinsa bai ƙare ba. A ra'ayin wannan bincike, nan ne babbar illar take.

Alal misali, a ɗauki Izzar So na Lawan Ahmad, wanda aka fara nunawa a tashar Bakori TV ta YouTube a 2020. An gina farkonsa a kan tubali mai ƙwari: Umar Hashim, talaka mai ilimi da riƙon gaskiya, yana aiki a ƙarƙashin Nafisa, 'yar mai dukiya mai izza da raina na ƙasa da ita. Rikicin a fili yake, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani zai gane shi. Amma rikici irin wannan yana da iyaka. Da zarar izzar ta karye, jigo ya warware. Maimakon a rufe labari a nan, sai aka riƙa ɗora masa sababbin makirce-makirce da sababbin taurari, har ya zama mai kallo na jiran mako guda domin ya ga abin da za a iya faɗa cikin minti goma. Sau da yawa mutum biyu za su zauna a falo su maimaita wa juna abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Ga kuma tallace-tallacen da ake cusawa a tsakiya, wanda a ƙarshe mai sayen data ne ke biyan kuɗinsu.

Labarina na Aminu Saira, wanda shi ma ya fito a 2020, ya fi shi tsabtar hoto da sauti da iya tsara magana, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya nuna cewa ana iya fitar da mugu mai ban dariya ba tare da an mai da shi wawa ba. Duk da haka shi ma tsawo ya cutar da shi. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, sai labarin Sumayya ya yi ta kewaye-kewaye kafin a ba Fati Washa matsayin. Abin yabo a nan shi ne daga baya mai shirin ya ɗauki hanyar kawo sabon labari da sababbin taurari a ƙarƙashin suna ɗaya, wanda ya fi dacewa da sunan shirin kansa.

4.3 Kamannin Mutumin Karkara

Tambayar da ta fi damun wannan bincike ita ce: mai kallo a Kiyawa ko Jahun, wa yake gani idan ya kunna waya? Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye. Rayuwarsu ta rataya a kan damina, da farashin taki, da kasuwar Shuwarin, da gero da riɗi da dabinon da aka san Dutse da shi. Amma duniyar sababbin finafinai duniyar falo ce da ofis da manyan motoci a unguwannin masu hali na Kano da Abuja. Talaka yakan fito, sai dai talaucinsa matakala ce kawai, ana jiran ranar da zai auri 'yar mai kuɗi, ko a gano ashe shi ma ɗan mai kuɗi ne. Noma a matsayin sana'a mai rikicinta, da bashinta, da rabon gadonta, da wuya a gan shi.

Idan baƙauye ya fito kuwa, galibi don a yi dariya ne. Wannan gado ne daga finafinan camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro (ya rasu a Disamba 2014) ya yi fice a cikinsu. Sai dai ya kamata a yi wa Ibro adalci. Baƙauyensa mai wayo ne, shi ke juya ɗan birni, kuma shi ya sa mutanen karkara suka ɗauke shi nasu. Magadansa sun ɗauki yagaggiyar riga da karkatacciyar hula, sun bar wayon. Haka abin yake ta fuskar harshe: Kananci shi ne harshen jarumi, duk wani karin harshe, ko Sakkwatanci ko Hausar Bafillace, an ware shi ga mai ba da dariya. Mutumin Dutse bai cika jin wannan a jikinsa ba domin Hausarsa na kusa da ta Kano, amma yaron da ya tashi da karin Haɗejiya yana koyon cewa maganar gidansu ba ta jarumai ba ce.

A nan dole a ware shirye-shiryen Arewa24 guda biyu. Daɗin Kowa ya gina gari sukutum mai malamin tsangaya da almajirai da 'yan gudun hijira da masu ƙananan sana'o'i, ya bar su suna magana kamar mutane. Kwana Casa'in kuma, wanda aka fara a 2019, ya ƙirƙiri jihar Alfawa, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada. Ga mazaunin Dutse, garin da sakatariya da gidan gwamnati suka raya, batun asibitin da ba magani, da 'yan jagaliya, da ɗan jaridar da ake son a saye bakinsa, ba baƙon labari ba ne. Ƙirƙirar sunan jihar ya ba marubutan damar faɗar abin da ba za su iya faɗa da sunan jiha ta gaskiya ba. Ko a nan ma, ana kallon mulki ne daga cikin gidan gwamnati zuwa waje. Manomin da ya kaɗa ƙuri'a yakan tsaya a cikin taron da ke bayan ɗan takara.

Ga kuma batun wuraren ɗaukar hoto. Duwatsun da suka ba Dutse sunanta, da tsohuwar unguwar Garu inda fadar sarki take, da kogunan dutse masu zanen mutanen da a Birnin Kudu, duk suna nan tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba daga Kano, amma masu shirya fim sun fi son hayar gida mai bene a cikin birni. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, akwai kuma Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga matasa masu waya mai kyamara a kowace unguwa. Shingen da dillalan Ƙofar Wambai suka kasance a da ya faɗi, domin YouTube ba ya tambayar garin da aka yi fim. Abin da ya rage shi ne jari da horo, musamman horon rubuta labari, wanda babi na biyar zai duba.