Tsokaci a Kan Manɗiƙin Hukunci da Ƙirƙirarriyar Basira

A shekarar 1951 ne von Wright, masanin falsafa ɗan ƙasar Finlan, ya shimfiɗa manɗiƙin hukunci bisa wajibi da halal da haram. A kan wannan harsashi wasu masana ke son koya wa ƙirƙirarriyar basira sanin ya-kamata. A ganinmu, ma'aunin ya gaza. Malaman Usulu sun ƙidaya hukunce-hukunce biyar, har da mustahabbi da makaruhi, waɗanda ba su da gurbi a tsarin nasa. Bahaushe ma yana bambanta "dole ne" da "ya kamata", da "bai kyautu ba". Na'urar da ke taimakon likita, in ba ta jin wannan bambanci, za ta daidaita faɗa wa majiyyaci mugun labari gatsal da faɗa masa cikin lallashi, tun da duka halal ne.