Kunama Mai Rufe Fuska: Sharhi Kan Wani Wasan Majigi

Ya ku 'yan makaranta, yau muna so mu auna wani irin wasan majigi da aka yi yayinsa a Amurka tun daga wajen 1914 har zuwa 1956. Ba a nuna shi gaba ɗaya. Sai a yanka labarin kashi goma sha biyu ko sha biyar, kowane mako a nuna kashi guda, a tsaya daidai inda jarumi ya kai bakin halaka. Yara su koma gida da zullumi, mako mai zuwa su komo da kuɗinsu.

Wanda muka zaɓa shi ne Adventures of Captain Marvel, wanda kamfanin Republic ya fitar a 1941, kashi 12. Waɗansu masana ne suka tafi ƙasar Siyam, watau Tailan ta yanzu, suka tarar da wata kunama ta zinariya mai madubai, wadda ke mai da dutse zinariya. Suka raba maduban a tsakaninsu don kada mutum ɗaya ya mallake ta. Sai ga wani mugu da baƙin mayafi ya rufe fuska, ana ce masa Kunama, yana binsu ɗaya bayan ɗaya. Mai tsare su kuwa wani saurayi ne, Billy Batson, wanda in ya ambaci kalmar "Shazam" sai ya rikiɗa ya zama jarumi mai tashi sama.

Abin da ya fi gamsar da mu shi ne, Kunama ba baƙo ba ne. Yana cikin masanan nan, ana shawara da shi, ana faɗa masa asiri. Da ɗan gari akan ci gari. Duk sa'ad da aka kashe ɗaya, waɗanda ake zargi su ragu, mai kallo ya ƙara wasa ƙwaƙwalwa kamar mai warware kacici-kacici.

Haka kuma ƙarshen kashi na biyu ya yi daidai. An sumar da jarumi, ga wata ƙatuwar wuƙa za ta faɗo masa. Da aka komo, wuƙar ce ta karye a jikinsa. Ba a cuce mu ba, gama tun farko an nuna mana harsashi ba ya huda shi.

Amma akwai aibi, ba kuwa ƙarami ba. Muryar Kunama ba ta ko ɗaya daga masanan ba ce. Wani ɗan wasa dabam, Gerald Mohr, shi aka sa ya yi ta. Ashe yaron da ya kasa kunne mako goma sha biyu yana gwada muryoyi, wahalar banza ya sha. An ba shi kacici-kacici, an ɓoye amsar inda hankali ba ya kaiwa. Waɗansu wasannin ma sun fi haka ha'inci: a nuna mota ta faɗa rami da jarumi a ciki, mako na gaba a ƙaro hoton da ba a nuna ba, wai ya riga ya diro.

To, ga abin lura ga mai son rubuta labari a cikinku. Tsakanin mai ba da labari da mai sauraro akwai alkawari, alkawari kuwa kaya ne. In za ka jefa jaruminka rijiya, ka tabbata ka nuna mana igiyar tun kafin ya faɗa, ko da a gefe ne, inda sai mai natsuwa zai hango ta.