Fela Sowande da Gwanintar Kaɗa Ogan

A cikin kayan kiɗan duniya da wuya a sami wanda yake cinye jikin makaɗi gaba ɗaya kamar ogan mai bututu, wato babban abin kiɗan nan na manyan majami'u. Hannu biyu suna aiki, ƙafa biyu suna aiki, ido yana kan takardar waƙa, kunne kuma yana can wurin jama'a. Najeriya ta taɓa fitar da mutumin da ya kai ƙololuwar wannan sana'a a ƙasar Ingila, shi ne Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda ogan yake. Iska ce ransa. A da mutane ne suke zuga masa iska da zugazugai, yanzu kuwa injin lantarki ne yake hurawa. Iskar tana taruwa a wani akwati da aka jera bututai a kansa, kowane bututu da sautinsa guda ɗaya tak. Wasu suna busawa irin ta sarewa, wasu kuma suna da ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa, muryarsu ta fi kusa da ta algaita. Gajeren bututu siririyar murya gare shi, dogo kuwa kauri. Mafi tsawo a manyan ogan yakan kai ƙafa 32, kuma sautinsa mutum ya fi jin sa a ƙirji fiye da kunne. Ogan ɗin zauren Royal Albert da ke Landan yana da bututai kusan dubu goma.

Makaɗi yana zama gaban jerin madannai hawa biyu, uku, huɗu, wani lokaci har biyar, kowane hawa da madannai kamar 61. A ƙarƙashin kujerarsa akwai wani jerin na katako, madannai 30 ko 32, waɗanda ake takawa da ɗan yatsan ƙafa da diddige, su ne masu fitar da murya mai kauri. Ba ya kallon ƙafafunsa, domin idonsa yana kan layi uku na rubutun kiɗa a lokaci guda: na hannun dama, na hagu da na ƙafa. A gefensa kuma ga makullan murya, waɗanda idan ya ja ɗaya sai iska ta shiga wani rukunin bututai. Zaɓen waɗanda za a ja da waɗanda za a bari shi kansa ilimi ne, kuma tun da ba a samun ogan biyu masu murya iri ɗaya, duk gwanin da aka gayyata wani gari sai ya zauna sa'o'i yana sauraron sabon ogan kafin ranar taro.

Akwai wani abu da ya raba shi da fiyano. A fiyano, in ka danna da ƙarfi sauti ya fito da ƙarfi, sannan ya dusashe da kansa. A ogan, ƙarfin yatsa ba ya ƙara komai, kuma sauti ba ya mutuwa sai ka ɗaga yatsanka. Saboda haka gwaninta tana cikin sanin lokacin ɗagawa, da ɗan taƙin shirun da ake bari tsakanin sauti da sauti domin waƙa ta yi numfashi. Ginin ma yana da nasa hali, don a babbar majami'ar dutse amo yakan daɗe yana yawo, in makaɗi ya yi gaggawa sai sautuka su cuɗe.

Sowande ɗan limamin cocin Angilika ne, ya tashi cikin mawaƙan Majami'ar Kristi da ke Marina a Legas, a hannun T. K. E. Phillips, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan kuma ya riƙe ogan ɗin wannan majami'a kusan shekara 50. A 1934 Sowande ya tafi Landan. Can ya ci abinci da kiɗan jaz, ya kaɗa fiyano da ogan na lantarki a gidajen rawa, har ya yi aiki da shahararriyar mawaƙiyar Amurka Adelaide Hall. Amma bai saki karatun ogan ba. A 1943 ya ci jarrabawar ƙoli ta Kwalejin Sarauta ta Makaɗan Ogan, wadda ake taƙaita lambarta da FRCO, har da kyaututtukan zarra. Jarrabawa ce da ba a tsaya ga iya kaɗa abin da aka haddace ba. Za a miƙa maka waƙar da ba ka taɓa gani ba a ce ka kaɗa, a ce ka ɗaga ta ko ka sauke ta zuwa wani matakin murya nan take, a kuma ba ka ɗan guntun amo a ce ka gina kiɗa a kansa ba tare da takarda ba.

Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan kuma shugaban mawaƙa a zauren Kingsway na cocin Metodis a Landan. Wannan shi ne rabin sana'ar da 'yan kallo ba su cika gani ba. Shugaban kiɗan majami'a shi yake zaɓen waƙoƙin da suka dace da karatun ranar, ya raba mawaƙa murya huɗu, ya yi ta bita da su a tsakiyar mako har kowa ya riƙe tasa. Ranar Lahadi kuma aikinsa shi ne ya ja ɗaruruwan mutane waɗanda ba su koyi waƙa ba. Idan ya yi sauri ya bar su a baya, idan ya yi nawa su ja shi ƙasa. Dole ya san inda za su shaƙi numfashi, ya sassauta a baitin nadama, ya buɗe makullai a baitin yabo. Idan hidima ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, sai ya ƙago kiɗa daga kansa ya cike gurbin, ya kuma rufe shi daidai lokacin da limami ya shirya. A dandalin taro shi ake zuwa saurare, a majami'a kuwa nasararsa ita ce jama'a su ji daɗin waƙarsu har su manta da shi. Wannan aiki na shugabancin kiɗan majami'a ne Johann Sebastian Bach ya yi a Leipzig ta Jamus daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kuma har gobe da kiɗansa ake auna makaɗan ogan.

Abin da ya ɗaga Sowande sama da gwani kawai shi ne bai yarda ogan ya zauna da waƙoƙin Turai kaɗai ba. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti. Idan aka ɗora fassararrun kalmomi a kan amon da aka tsara don Ingilishi, hawa da saukar waƙar sukan saɓa wa na maganar, ma'ana ta jirkice. Malaminsa Phillips ya daɗe yana fama da wannan matsala. Sowande sai ya ɗauko amon waƙoƙin Yarbawa yadda suke, ya gina musu manyan kiɗe-kiɗen ogan da dabarun da ya ƙware a kansu, irin su Obangiji, Oyigiyigi, Ka Mura da Jesu Olugbala. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi kam da gidansa ya shiga zauren Kingsway.

A 1953 ya dawo Najeriya ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon ƙasa, inda ya duƙufa kan tattara kiɗan gargajiya da nazarinsa. Ya tsara babban kiɗan taro na murnar samun 'yancin kai a 1960. Daga baya ya koma Amurka ya koyar a jami'o'in Howard, Pittsburgh da Kent State, ya rasu a jihar Ohio a 1987. Na bayansa, irin su Ayo Bankole, sun bi sawunsa a fagen ogan da tsara kiɗa.

Yau kibod na lantarki ya shiga kusan kowace majami'a, kuma yana da amfaninsa. Amma majami'un da suka gaji ogan mai bututu su sani amana ce a hannunsu: su gyara shi, su kuma zaunar da yaro ko yarinya mai sha'awa kusa da makaɗi tun da wuri. Shekaru ake ɗauka kafin hannu da ƙafa su jitu, kuma ta haka aka samu Sowande.