Maraicin Shaihu Umar da Natsuwarsa

A cikin littattafan nan biyar da aka buga a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, babu wanda ya taɓo wahalar ƙuruciya kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umar ya tashi ba uba. Aka yi wa Makau, mijin uwarsa, makirci a fada har aka kore shi. Aka sace yaron, aka kai shi Kano, daga nan aka ƙetare hamada da shi. Mai lura da nahawu zai ga cewa a wannan kashi na labarin yaron ba shi ne mai aikatawa ba, kullum a kansa aikin ke faɗawa. Duk da haka dattijon da ke ba almajiransa labari a Rauta natsattse ne, ba alamar tabo a zuciyarsa.

Shin wannan aibi ne ga littafin? Akwai dalilin zaton haka. Binciken da Felitti da Anda suka fara bugawa a Amurka a 1998 ya nuna cewa gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon haɗarin ciwon damuwa ya same shi da girma, watau baƙin cikin nan mai daɗewa wanda ke hana barci da ci da sha'awar aiki.

Amma fa sai mu yi hattara. Brown da Harris sun binciki matan Kambawel a Landan, suka nuna a 1978 cewa rashin uwa kafin shekara 11 yana raunana mutum. Daga baya, su da Bifulco, suka gano cewa babbar illar tana ga rashin kula da ke biyo bayan rashin uwar. To, Umar bai rasa mai kula ba. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi tamkar ɗa, ya sa shi karatu. Saboda haka natsuwarsa ba ta saɓa wa hankali ba.

A ganina, raunin littafin yana wani wuri dabam. Mawallafin ya ɗora wa uwar baƙin cikin duka: ita ta bi sawun ɗanta, ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Shi kuwa yaron, kusan ba a buɗe mana cikinsa ba.

Nan ne nake jan hankalin malaman kwalejojin horon malamai. Idan aka karantar da littafin a kan cewa haƙuri kaɗai ya fid da Umar, ɗalibi zai fita ya ɗauki shirun maraya a aji a matsayin lafiya. Abin da ya kamata a tambayi ɗalibai shi ne: wa ya riƙe Umar, kuma da me zai zama in da ba wanda ya riƙe shi?