Jinjina ga Masu Haska Fim na Silimar Palace

Duk wanda ya san unguwar Jakara a zamanin da Silimar Palace ke tashe, ya san cewa gina ta a cikin ganuwar Kano, daf da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, ya ta da muhawara mai zafi tsakanin malamai da masu sha'awar kallo, musamman da yake ba a manta da gobarar Silimar El Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci rayuka 331, Allah Ya jiƙansu. Silimar Rex, wadda aka buɗe tun 1937, tana wajen birni, shi ya sa ba ta sha irin wannan suka ba.

Amma ni, alhali ban ƙi hujjar malamai ba, jinjinata ga mutumin nan ce da ke zaune a ɗan ɗakin na'ura, cikin zafi da gumi, yana sauya faifai bayan faifai da hikima, ta yadda waƙar fim ɗin Indiya ba za ta yanke ba; in kuwa zaren fim ya tsinke, jama'a suka ɗau ihu da fito, shi ne zai liƙe shi cikin haƙuri, ba mai sanin sunansa balle ya gode masa.

Daga baya, a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe Palace, ya mayar da ita asibiti.