Kuskuren Mai Kwafa: Tarken Sabon Bugun Faifan Kind of Blue

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin rubuce-rubucen ajami ya san matsalar da ake kira kuskuren mai kwafa. Almajiri zai kwafi waƙar malaminsa, alƙalami ya zame masa a wani ɗango, na bayansa su kwafa daga gare shi, mabarata su haddace, har a wayi gari kuskuren ya zama shi ne waƙar a kunnen jama'a. Ranar da manazarci ya tono takardar asali ya gyara ɗangon, sai a ga mutane suna yi masa kallon maɓarnaci. Irin wannan matsala ce ta sami faifan kiɗan jaz da ya fi kowane shahara, wato Kind of Blue na Miles Davis, illa dai a nan mai kwafar na'ura ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi kiɗan da ke cikin faifan da kuma ingancin sautinsa a bugun da kamfanin Columbia ya sake fitarwa a 1997, ta auna abin da gyaran ya ƙara da abin da ya rage.

An ɗauki kiɗan ne a zama biyu, ranar 2 ga Maris da ranar 22 ga Afrilu na 1959, a ɗakin ɗaukar sauti na Columbia da ke Titi na 30 a birnin New York, aka fitar da faifan ranar 17 ga Agusta na wannan shekara. Miles Davis ne ke busa ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley suna busa saksofon, na Coltrane mai kaurin murya, na Adderley mai zaƙi. Bill Evans ne a kan fiyano, ban da a kiɗi ɗaya da Wynton Kelly ya karɓe shi. Paul Chambers yana kaɗa bas, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, Jimmy Cobb kuma yana kan ganguna. Kiɗa biyar ne, ba baki ko ɗaya, tsawonsu duka minti 45 da 'yan kai.

Kafin wannan lokaci, al'adar makaɗan jaz ita ce su ɗauki waƙar da aka sani, su bi jerin haɗe-haɗen amonta, waɗanda ke sauyawa kusan a kowace ƙafa, mabushi yana ƙirƙirar karinsa nan take yana tsallake su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sukuwa a cikin kasuwa. Gwaninta a lokacin ita ce sauri da rashin tuntuɓe. Miles ya gaji da wannan tsere. Sai ya ɗauki ra'ayin da George Russell ya shimfiɗa a littafinsa na 1953, cewa ana iya ba makaɗi tsanin amo guda a bar shi ya daɗe a kansa. A kiɗan farko, So What, ƙafa 32 ce ke zagayowa: 16 a kan tsani ɗaya, 8 a kan wani da ya ɗara shi da rabin mataki, sannan 8 a koma gida. Shi ke nan. Mabushin da aka ba wannan fili ba shi da inda zai ɓuya, don kuwa ba wani sauyin amo da zai rufa masa asiri idan ba shi da abin faɗa.

Mai sauraro Bahaushe ba zai ji baƙunta a nan ba kamar yadda zai ji a sauran kiɗan Turai. Bayan 'yar shimfiɗa da fiyano da bas suka yi, sai bas ya jefa magana, sauran su amsa masa da amo biyu tak, ya sake jefawa, su sake amsawa. Jagora ne da 'yan amshi, sai dai an juya al'amarin, an ba wanda aka saba ajiyewa a baya jagoranci, manyan mabusa suka koma amshi. Ba kuwa hasashe ne kawai ke kai mu Afirka ba. A tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, Miles ya bayyana cewa wasan ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Gini da ya kalla, musamman amon ɗan ƙaramin abin kiɗan nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da yatsu, yana cikin abin da yake nema a wannan faifai, tare da waƙoƙin coci da ya ji yana yaro a Arkansas. Ya kuma ce bai cim ma abin da ya nufa ba. Wannan magana ta cancanci a riƙe ta, domin masu yabon faifan sun cika mayar da shi abin da ba shi da aibi, alhali mai shi ma bai ce haka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a So What shi ne bambancin halin mabusan uku a kan fili ɗaya. Miles yana shiga ne bayan Cobb ya doki farantin tagulla bugu ɗaya mai tsawon amo, ya yi magana a taƙaice, yana barin sarari tsakanin jimla da jimla, kamar dattijon da ya san za a jira shi. Coltrane ya biyo da zafi, yana ɗaukar ɗan guntun kari yana juya shi ta kowace fuska, kai ka ce mai neman wani abu ne da ya ɓace masa a cikin ɗaki. Adderley kuwa mai fara'a ne, bakinsa cike da zance, kuma a ganina a nan ne faifan ya ɗan yi rauni, domin sau da yawa yakan koma ga tsohuwar al'adar sukuwa, ya cika sararin da kiɗan ke bukatar a bari. Wasu na ganin wannan fara'a ita ce gishirin faifan. Ina yarda da su a Freddie Freeloader, inda Wynton Kelly ya kawo walwalar kiɗan bulus kuma kowa ya saki jiki, amma ba a ko'ina ba.

Blue in Green, wanda Adderley bai busa a cikinsa ba, shi ne zuciyar aikin. Ƙafa 10 ce ke zagayowa ba tare da an ji inda ta fara ko inda ta tsaya ba. Miles ya toshe bakin ƙahonsa da marfin ƙarfe, amon ya fito siriri, kusa da kunne, kamar raɗa. Faifan asali ya danganta dukkan kiɗan biyar ga Miles shi kaɗai, amma da Evans ya sake ɗaukar wannan kiɗi da ƙungiyarsa a ƙarshen 1959, sunayen su biyu aka rubuta, kuma kunne yana goyon bayan Evans. Haka ma shimfiɗar Flamenco Sketches ta fito ne daga wani kiɗin Evans na 1958 mai suna Peace Piece. Ɗalibanmu da ke fama da tambayar wane ne mawallafin waƙar baka, jagora ko 'yan amshin da suka ƙara mata ɗiya, za su ga cewa matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai.

To, ina kuskuren mai kwafa? A zaman 2 ga Maris, na'urori biyu ne ke ɗaukar sauti, babba da ta ko-ta-kwana. Babbar tana tafiya a hankali fiye da ƙa'ida, ba wanda ya lura. Duk wanda ya taɓa ɗaukar murya a kaset da batir mai rauni ya san sakamakon: idan aka saurara da sabon batir, sai muryar ta fito da sauri, ta kuma sirance. Haka ya faru ga kiɗa uku na fuskar farko, So What da Freddie Freeloader da Blue in Green. Sun fito da ɗan sauri, amonsu ya ɗaga sama kaɗan, bai kai rabin mataki ba. A haka aka yi ta buga faifan sitiriyo shekara 33, har zuwa 1992 da aka koma ga zaren na'ura ta biyu aka daidaita. Makaɗan da suka yi ta ƙoƙarin bin faifan da fiyano a gida sun daɗe suna jin wani abu bai zauna ba, suna zargin kayan kiɗansu.

Bugun 1997, wanda injiniya Mark Wilder ya haɗa daga zaren asali mai layi uku, shi ne ya kai wannan gyara ga jama'a da yawa. Bambancin ƙarami ne a lissafi, amma babba ne a ji. Wanda ya fi cin riba shi ne Paul Chambers. A bugun faifan CD na tsakiyar shekarun 1980, bas ɗinsa ya yi laushi ya koma baya, saman sautin kuma ya yi kaifi yana sukar kunne. A na 1997 ana jin katakon gogen, ana jin yatsa na barin tsirkiya, kuma tunda shi ne jagora a So What, dawowar nauyinsa ta sauya ma'anar kiɗan gaba ɗaya. Blue in Green ma ya sami natsuwar da ta dace da shi. Ɗan gaggawar da ke cikin tsohon bugu takan sa baƙin cikin kiɗan ya yi kama da damuwa, alhali a saurinsa na gaskiya ya fi kama da haƙuri.

Sai kuma ɗakin kansa. Tsohon coci ne mai dogon rufi, injiniya Fred Plaut kuma ya san yadda zai bar iskar ɗakin ta shiga makirufo. A wannan bugu ana jin fiyano da Coltrane a hagu, Miles da bas a tsakiya, Adderley da ganguna a dama, kuma amon kowa yana ɗan tsallakawa zuwa gefen ɗan'uwansa, abin da ke tabbatar wa kunne cewa mutane ne a wuri ɗaya suna sauraron juna. An rushe ginin a farkon shekarun 1980, saboda haka abin da ya rage na wannan ɗaki shi ne amsa-kuwwarsa a faifai irin wannan. Abin yabo ne da Wilder bai goge shuuu ɗin zaren ba. Ana jin sa a farkon So What da wuraren da kiɗa ya yi ƙasa. Da an kankare shi, da an kankare numfashin mabusa da jan burushin Cobb a kan fata a All Blues, domin a waje ɗaya suke zaune. Garin neman gira a rasa ido, shi ne abin da ya sami tsofaffin faya-fayai da dama da aka wanke su da na'ura har suka koma kamar an naɗe su cikin bargo.

Duk da haka akwai mai cewa gyaran ɓarna ne, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Faifan da ya sauya tarihin jaz, wanda dubban makaɗa suka haddace amo bayan amo, shi ne mai kuskuren. Miles ya rasu a 1991, kafin gyaran. Coltrane ya riga shi a 1967, Chambers a 1969, Kelly a 1971, Adderley a 1975, Evans a 1980. Cobb kaɗai ya rayu ya ga sabon bugun, shi ma ya rasu a 2020. Ashe ke nan an sauya aikin mutane a bayan idonsu. Amsata ita ce, akwai bambanci tsakanin kuskuren da ya shiga waƙa ta bakin mutane, wanda wani lokaci yakan zama sabuwar hikima, da kuskuren injin da ba ya ji ba ya gani. Ba wanda ya zaɓi wannan sauri. Abin da mutum bakwai suka busa suka kaɗa a ranar 2 ga Maris yana nan a zare na biyu, kuma fuskar faifan ta biyu, wadda ba ta da matsalar, shaida ce a kan amon da kayan kiɗansu ke bayarwa. Sai dai ya kamata a ajiye tsohon bugun a matsayin shaidar tarihi, kamar yadda mai tahƙiƙin rubutu ke ajiye karatun da ya ƙi a ƙasan shafi. Kamfanin Classic Records ya yi hakan a bugun garmaho na 1995, inda ya kawo fuskar farko a sauri biyun duka.

Inda nake da ƙorafi a kan bugun 1997 shi ne ƙarin da aka yi a ƙarshe. Flamenco Sketches tsani biyar ne, kowane mabushi yana daɗewa a kan kowanne gwargwadon yadda ya so, na huɗunsu yana da ƙamshin Andalus wanda kunnen da ya saba da karin Larabawa zai gane nan da nan. Shi kaɗai ne aka ɗauka cikakke sau biyu, sai aka liƙa ɗaya ɗaukar a bayan wadda aka sani. Ga manazarci wannan taska ce, domin tana nuna cewa babu abin da aka haddace, kowane mabushi ya bi wata hanya dabam. Tana kuma rage ƙarfin almarar da ake yaɗawa cewa komai a bugu ɗaya aka yi shi, alhali akwai farawa da tsayawa da dama kafin a sami cikakkiyar ɗauka. Amma ga mai sauraro, faifan an gina shi ne ya ƙare da amon Miles na ƙarshe yana narkewa cikin shiru. Yanzu shirun bai daɗe ba sai bas ya sake farawa, kamar mai ta'aziyya da ya yi sallama ya fita, sannan ya dawo ɗaukar takalminsa ya sake zama. Da an ware ta a faifai na biyu, da ya fi.

Bayan 1997 an sake buga faifan sau da yawa, wasu a garmaho mai tsadar gaske, kowane bugu da masu rantsuwa da shi. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu son garmaho ke girmamawa saboda sun ɗauka daga zare kai-tsaye yake yanka faya-fayansa, ya daɗe yana bi ta na'urar dijital a tsakani, kuma ƙwararrun masu saurare da yawa ba su ji hakan da kunnensu ba sai da aka faɗa musu. Ɗalibin da zai saurari Kind of Blue a yau, galibi ta waya zai same shi, kuma bugun da aka daidaita saurinsa zai tarar. Abin da zai cuce shi shi ne ƙaramar lasifikar wayar, wadda ba ta iya fitar da amon bas. A irin wannan sauraro tambayar Chambers a farkon So What takan ɓace, a bar amshi yana amsa abin da ba a ji ba. Ya nemi abin sawa a kunne mai kyau, ya kuma tsayar da faifan da zarar Flamenco Sketches na farko ya ƙare.